Iqaluit zuwa Nuuk: kilomita 820 ne, to me ya sa kowa da awannin da yake faɗa?

Ƙanin Kowa: Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin jirgin sama ku zo ku raba ni da wannan lissafin kafin kaina ya ɗau zafi. Filayen jirgi biyu ne can ƙuryar arewacin duniya, ɗaya Iqaluit a Kanada, ɗaya Nuuk babban birnin Girinlan. Shafin da ke auna nisa ya ce tsakaninsu kilomita 820 da 'yar ɗoriya, tafiyar awa ɗaya da rabi. Da na duba lokacin tashi da na sauka sai na ga daga Iqaluit zuwa Nuuk awa biyar, dawowa kuma wai ka sauka tun kafin lokacin da ka tashi. Na sa wata rana a watan Janairu sai aka haɗa min tafiyar da ta wuce kwana guda ta Ottawa da Aislan. Wanne ne gaskiya a ciki?

Sarkin Musu: Wa alaikumus salam. Shafin ne ya yi maka ƙarya tun farko. Buɗe taswira ka gani da idonka, tsakanin Kanada da Girinlan teku ne guda ba wasa ba, ta ina zai zama kilomita 820? Awa biyar ɗin nan ita ce ta fi kama da hankali wlh.

Malamar Labarin Ƙasa: Sarkin Musu ka fara ko? Idon naka ne taswira ta yaudara, shafin bai yi ƙarya ba. Irin taswirar da muke gani a waya tsarin Mercator ce, tun 1569 aka ƙirƙiro ta domin masu tuƙin jirgin ruwa, kuma halinta shi ne duk abin da ya yi nisa da ikwaita sai ta kumbura shi. Shi ya sa Girinlan take fitowa kamar ta kai Afirka girma alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14.

Ƙanina ɗauko biro mu yi lissafin tare, ba wuya. Iqaluit tana wajen digiri 63.7 arewa, 68.5 yamma. Nuuk tana digiri 64.2 arewa, 51.7 yamma. Ka ga kusan a layi ɗaya suke ta kwance, bambancin duk na gabas da yamma ne, digiri 17 saura kaɗan. Da a kan ikwaita ne kowane digiri kilomita 111 ne, da sai mu ce wajen kilomita 1,880. Amma layukan tsaye na duniya kamar layukan jikin kabewa suke, a tsakiya sun buɗe, suna matsowa kusa da juna har su haɗe a sama, to a digiri 64 ɗin nan digiri ɗaya ya koma kilomita 49 kacal. Ninka 49 da 17 ɗin da bai cika ba, za ka faɗo kan 820 da wani abu. A mil na ƙasa wajen 510 ke nan, a mil na teku wanda matuƙa jirgi suke aiki da shi wajen 445, don haka in ka ga lambobi uku daban-daban kar ka rikice, nisa ɗaya ne ma'auni ya bambanta.

Sarkin Musu: To ai Malama jirgi ba miƙewa yake ba, lanƙwasa yake bi ta saman duniya, kowa ya san wannan. Ki ƙara lanƙwasar mu ga.

Malamar Labarin Ƙasa: Lanƙwasar da kake gani a taswira ita ce miƙaƙƙiyar hanya a jikin duniya, ragewa take ba ƙarawa ba. Kuma a gajeriyar tafiya irin wannan bambancinta da layin da za ka ja da rula bai kai kilomita 5 ba. Sai a doguwar tafiya kamar Turai zuwa yammacin Amurka take yin tasiri sosai.

Baban Biyu: Hhh Malama ta zo da alli da allo yau. Amma fa ba a amsa na saukar kafin tashi ba, ni shi ne ya tsaya min a rai, jirgin komawa baya yake yi da zamani ko yaya?

Malamar Labarin Ƙasa: Baban Biyu agogo ne kawai. Tikiti kullum yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da ka bari, lokacin sauka kuma da agogon garin da ka isa. Nuuk tana gaban Iqaluit da awa uku. Misali ka tashi daga Nuuk ƙarfe 4 na yamma, ka yi awa biyu a sama, agogon hannunka ya ce ƙarfe 6 amma na bangon filin jirgin Iqaluit yana cewa ƙarfe 3. Juya ta, ka bar Iqaluit ƙarfe 4, awa biyu a sama da awa uku na agogo, ka sauka Nuuk ƙarfe 9 na dare. Ga awa biyar ɗin Sarkin Musu nan.

Abin da ya fi ban mamaki ma shi ne a lissafin rana bai kamata tazarar ta kai haka ba, tunda duk digiri 15 ne awa guda, digiri 17 awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Da can awa biyu ne tsakaninsu a agogo, sai a watan Maris na 2023 Girinlan ta tura agogonta gaba da awa ɗaya don ta matso kusa da lokacin Turai, saboda harkokinta yawanci da Denmak ne. Siyasa ce da kasuwanci suka ƙara awar, ba rana ba.

Ƙanin Kowa: Allah ya saka da alheri Malama, wannan ya zauna. Sai dai kin ce awa biyu a sama, shafin kuma ya ce awa ɗaya da rabi, ina rabin awar ta shiga?

Kawu Injiniya: Bari in karɓa daga nan, Malama ta gama nata. Ɗana, irin waɗannan shafukan ba su san wane jirgi ne yake bin hanyar ba, ba su ma san ko akwai jirgin ba. Abin da suke yi shi ne su ɗauki nisa su raba da gudun babban jirgin jet, wajen kilomita 800 a awa, su ɗora rabin awa na tashi da sauka, su miƙo maka. Ko ka sa musu filaye biyu da tun da aka halicci duniya jirgi bai taɓa haɗa su ba za su ba ka amsa har da mintoci, ba kunya.

Jirgin da kamfanin Air Greenland ya sa a wannan hanyar Dash 8-200 ne, mai farfela biyu, kujeru 37, gudunsa in ya daidaita a sama wajen kilomita 500 a awa, kuma ba ya wuce ƙafa 25,000. Raba 820 da 500 ka samu awa ɗaya da minti 40 saura kaɗan, to amma ba da wannan gudun yake tashi ba, yana hawa a hankali yake, zai sauka ma sai ya rage, wani lokaci ya zagayo filin don ya fuskanci iska, sannan lokacin da ake rubutawa a jadawali daga sanda aka cire takozon taya ne jirgi ya fara motsi har zuwa sanda ya tsaya cak a ɗaya filin, ba daga barin ƙasa zuwa taɓa ƙasa ba. Haɗa duka ka ga awa biyu ta cika.

Sannan iska. A wannan yankin iskar sama yawanci daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, mai zuwa Nuuk tana tura shi, mai zuwa Iqaluit tana tare shi. Mu ƙaddara iskar kilomita 80 a awa ce, mai zuwa gabas gudunsa a kan ƙasa ya zama 580, awa ɗaya da minti 25, mai zuwa yamma ya koma 420, awa biyu saura minti uku. Rabin awa ke nan tsakani a hanya ɗaya, jirgi ɗaya, rana ɗaya. Ƙaramin jirgi ya fi jin jiki a hannun iska fiye da jet domin abin da take ci a gudunsa kaso ne babba.

Sarkin Musu: Kawu ai sai su cinye juna, abin da ka rasa a zuwa ka samu a dawowa, an yi canjaras.

Kawu Injiniya: Ba sa cinyewa. Ka fi daɗewa a cikin iskar da ke tare ka fiye da wadda ke tura ka, don haka asara ta fi riba. Ba iska, zuwa da dawowa awa uku da minti 17. Da iskar nan awa uku da minti 22. Latsa kalkuleta ka gani kafin ka dawo min.

Uwar Gida: Ni dai tambayata daban ce ku yi haƙuri. Wanda ya yi la'asar a Nuuk ya hau jirgi ya sauka agogo ya koma baya da awa ɗaya, ya zai yi ke nan?

Malamar Labarin Ƙasa: Anti ai lokacin sallah rana yake bi ba agogon bango ba. Ya yi awa biyu a sama, ya ci awa ɗaya da 'yan mintoci saboda ya bi rana yamma, ke nan a wajen rana gaba ya yi da kusan awa guda, bai koma baya ba ko kaɗan. Da a ce jirgin zai cinye tafiyar cikin ƙasa da awa ɗaya ne sai a ce ya tsere wa rana. Kuma akwai masallaci a Iqaluit, an buɗe shi a 2016, suna da jadawalinsu. Abin da ya fi ba mutum aiki a can tsawon yini ne, garuruwan biyu suna kudu kaɗan da da'irar Arktik, wato layin da daga shi zuwa arewa akan samu ranar da rana ba ta faɗuwa sam, a watan Yuni rana takan yi sama da awa 20 a waje, a Disamba kuwa wajen awa huɗu ta faɗi.

Baban Biyu: Awa huɗu? Ikon Allah, ka karya kumallo ka juya sai magariba.

Ƙanin Kowa: Kawu saura na ukun fa, tafiyar kwana guda da ɗoriya ɗin nan ta Janairu, shi ne ban gane ba sam. Awa biyu ta koma haka?

Kawu Injiniya: Yawwa, nan ne maganar take, sauran duk lissafin makaranta ne. Nisa ba shi ne tafiya ba ɗana, jirgin da ke akwai shi ne tafiya. Jirgin kai tsaye tsakanin garuruwan nan biyu ba kullum ba ne. An yi shi daga 2012 zuwa 2014 aka dakatar saboda fasinja ba su cika shi, aka yi shekara goma babu, sai a watan Yuni na 2024 Air Greenland ya dawo da shi tare da haɗin gwiwar kamfanin Canadian North na Kanada, sau ɗaya a mako, a shekarar daga Yuni zuwa Oktoba. Ranar da ka zaɓa in ba ta faɗo cikin lokacin da jirgin yake aiki ba to manhaja dole ta nemo maka zagaye.

Kuma duba zagayen da kyau ka sha mamaki. Iqaluit zuwa Ottawa wajen kilomita 2,100 ne, awa uku, kana yin kudu, wato kana ba inda za ka baya. Ottawa zuwa Toronto 'yar gajeriya, kilomita 360 haka. Toronto zuwa Aislan sama da kilomita 4,000, a nan ma za ka iya bi ta kudancin Girinlan ɗin kana hango ƙanƙararta ta taga ka wuce abinka. Sannan daga Aislan ka juyo yamma wajen kilomita 1,400 zuwa Nuuk. Tara su, kilomita 8,000 ka yi don ka je inda yake kilomita 820, ninki goma, ban da zaman jira a filaye uku da kwanan hanya. Wanda ya bi ta Kopenhagen kuma ya fi haka.

Baban Biyu: Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Amma Kawu hanyar lafiya ai a bi ta da shekara.

Kawu Injiniya: Ba don lafiya ake zagayen ba Baban Biyu, don kasuwa ne. Iqaluit mutanenta ba su kai 8,000 ba a ƙidayar 2021, Nuuk wajen 20,000. Kowannensu kuma fuskarsa wani waje take kallo, Iqaluit asibitin ƙwararru da kaya da gwamnatin tarayya duk Ottawa, Nuuk kuma duk Kopenhagen. Hanyoyin jirgi a arewa daga kudu suke zuwa su koma kudu, ba sa gilmawa gefe. Abin takaicin shi ne mutanen nan 'yan uwan juna ne, Inuit ne duka ɓangarorin biyu, harsunansu dangin juna ne, har wasannin hunturu na yankin Arktik sun taɓa ɗaukar nauyi tare a 2002, a 2016 ma da Nuuk ta karɓi baƙuncin wasannin a Iqaluit aka buga ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Ni a ganina hanya irin wannan bai kamata a bar ta a hannun riba kaɗai ba, ko da tallafi ne gwamnatoci su riƙe ta duk shekara.

Sarkin Musu: A nan kam ban yarda ba Kawu. Jirgi mai kujera 37 sau ɗaya a mako ya kasa cika a wancan karon, sai a ɗauki kuɗin jama'a a riƙa ɗaga jirgi rabinsa wayam a tsakiyar hunturu? Ruwa ba ya tsami banza, da akwai masu tafiyar da ba a tsaya ba.

Uwar Gida: Kai kuma ta ina masu tafiya za su samu in jirgin yau akwai gobe babu? Wa zai ƙulla kasuwanci ko ya tura ɗansa karatu a kan hanyar da za a rufe da shigowar sanyi? Sai an ga hanya ta tabbata mutane suke sabawa da ita.

Sarkin Musu: Anti wannan kuma zancen kaza da ƙwai ne, ba za mu gama ba.

Ƙanin Kowa: To me ya hana su sa jet tun farko a huta, awa ɗaya an isa?

Kawu Injiniya: A ɓangaren Iqaluit ba matsala, titin jirginsu ya haura mita 2,600, asalin filin sojojin Amurka ne suka fara shi lokacin yaƙin duniya na biyu. Manyan jirage suna sauka lafiya lau, kamfanin Airbus ma can ya kai katafaren jirginsa A380 gwajin sanyi a 2006, kuma jiragen da ke ratsawa daga Turai zuwa Amurka in wani abu ya taso can suke karkatawa. A watan Fabrairu na 2017 wani Boeing 777 na Swiss da ya taso daga Zurich zai je Los Angeles ya sauka can da inji ɗaya, sai da aka ɗauko sabon inji a cikin babban jirgin dakon kaya na Antonov aka canja masa a cikin wannan sanyin.

Nuuk ce ta kasance matsalar. Tsohon titinta mita 950 ne kacal, jet ɗin fasinja ba ya iya sauka, shi ya sa shekara da shekaru wanda ya taso daga Kopenhagen sai ya sauka Kangerlussuaq, wani filin jirgi mai dogon titi a Girinlan, ya canja zuwa ƙaramin mai farfela. Sai ranar 28 ga Nuwamba 2024 aka buɗe sabon titi mai mita 2,200. Yanzu jet yana sauka, har kamfanin United ya fara zuwa daga Newark ta Amurka a watan Yuni na 2025, kusan kilomita 3,000, awa huɗu da wani abu. Amma titi ya yi tsawo ba shi ne fasinjan Iqaluit sun ƙaru ba, wanda bai cika kujera 37 ba ina zai kai 150.

Wani abin kuma da shafin auna nisa ba zai taɓa gaya maka ba, yanayi. Nuuk a bakin teku take, duwatsu a bayanta, hazo da iskar gefe ba sa sallama kafin su zo. Mafi yawan hanyar kuma kan ruwan mashigin Davis ne, ba wajen da za ka ce bari in ɗan sauka. Doka ta ce matuƙi ya ɗauki man da zai kai shi, da wanda zai kai shi filin ko-ta-kwana, da ragowar aƙalla minti 30 a kai. Ga mai zuwa Nuuk ko-ta-kwanan yawanci Kangerlussuaq ce, wajen kilomita 320 arewa, tana can cikin ƙasa nesa da hazon teku shi ya sa samanta ya fi zama garau. Ga mai zuwa Iqaluit kuwa babban fili na kusa kamar Kuujjuaq ta Kanada ya haura kilomita 600. Duk wannan man nauyi ne, a ƙaramin jirgi kuma nauyin mai yana cin na kaya ko na fasinja. In yanayin ya ƙi, ba a tashi kwata-kwata, kuma jirgin da yake sau ɗaya a mako in aka soke shi ka san abin da ya same ka.

Baban Biyu: Wato awa biyu, ko kwana biyu, ko sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu 😂

Malamar Labarin Ƙasa: Ƙanina in za ka sake bincike sa lambobin filayen ya fi sauƙi, YFB na Iqaluit, GOH na Nuuk, daga tsofaffin sunayensu aka samo su, Frobisher Bay da Godthåb. Kuma duk mai niyyar zuwa da gaske ya sani ƙasa biyu ce, sai da fasfo, sannan Girinlan duk da tana ƙarƙashin masarautar Denmak ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizar Schengen kaɗai ba ta shigar da mai buƙatar biza sai an rubuta a jiki cewa ta haɗa da Girinlan.

Sarkin Musu: Ni fa har yanzu ina ganin wahalar da kai ne. Tunda teku ne tsakani a hau jirgin ruwa mana, kilomita 820 me ye a ciki?

Kawu Injiniya: Babu jirgin ruwan fasinja da ke jigila tsakaninsu, sai na 'yan yawon buɗe ido da ke ratsawa lokacin zafi. Kuma ta ruwa ba 820 ba ce, Iqaluit tana can ƙuryar gaɓar Frobisher, sai ka yi wajen kilomita 230 kana yin kudu maso gabas kafin ma ka fito fili ka juya ka nufi Nuuk, a gudun jirgin kaya kwana biyu ka ba shi. Daga ƙarshen shekara kuma gaɓar daskarewa take, jiragen kaya ma sai wajen Yuli suke fara shigowa su tsaya wajen Oktoba ko farkon Nuwamba, wato daidai lokacin da jirgin saman yake aiki shi ne ruwan ma yake buɗe.

Sarkin Musu: To in ta daskare ai shi ke nan an samu hanya, a bi ta kai da mota.

Kawu Injiniya: Ɓangaren Girinlan ba ya daskarewa a wajen Nuuk, ruwa mai ɗan ɗumi yana biyo gaɓarsu daga kudu, tasharsu a buɗe take duk shekara. Za ka yi ta tafiya a kan ƙanƙara mai motsi ka iske ruwa a gabanka. Adimin dan Allah a karɓe wayar yaron nan.